Muna magana bisa kiɗansa, ba mu faɗin sunansa



Yau da kanmu za mu fara, mu masu riƙe da mikro. A shirinmu na daren Alhamis da ta wuce mun saka wani kiɗa wanda babu murya a cikinsa, fiyanon lantarki ne kawai yana tafiya sannu a hankali, ƴar gangar na'ura tana biye da shi. Muka bar shi ya yi kusan minti biyu ba mu ce uffan ba, abin da ba mu saba yi ba. Sannan muka buɗe layi muka ce: wa ya san mai wannan kiɗa?

Waya ta ɗauki ƙara. Kowa ya san kiɗan. Wata uwa daga wajen Tasawa ta ce tun tana budurwa take jin sa a tele, in an gama wani shiri ana jiran na gaba. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ai kiɗan sanarwa ne. Wani ya rantse na Faransa ne, wani ya ce daga fim ɗin Indiya anka ciro shi. Mutum ɗaya tak, wani tsohon mushe da ya yi ritaya, shi ya faɗi sunan: Mamman Sani. Kuma bai ajiye waya ba sai da ya yi muna tatas. Ya ce: "Ku ƴan rediyo, kun fi shekara talatin kuna surutu bisa kiɗan bawan Allan nan, wane ne cikinku ya taɓa tsayawa ya ce ga mai shi?"

Mushe, gaskiyarka. Mu ma da muka yi tambayar, a intanet muka fara sanin fuskar mutumin, a shafin wani kamfanin faifai na Amurka. Wannan abin kunya shi ya sa muka zauna muka rubuta wannan dogon bayani, don minti biyar na iska ba su isa ba.

Ga wanda bai sani ba: Mamman Sani Abdullahi ma'aikaci ne da aiki ya haɗa shi da UNESCO, ya yi tafiye-tafiye, kuma a cikin tafiyar ya samu wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, irin wanda Faransawa ke kira orgue. Ya kawo shi Yamai. A 1978 ya shiga sutudiyon rediyon ƙasa ya ɗauki kaset mai suna La Musique Électronique du Niger. Ku riƙe shekarar nan da kyau. A 1978 ne Jean-Michel Jarre ya fitar da Équinoxe a Faransa, a shekarar ce kuma ƴan Kraftwerk na Jamus suka fitar da The Man-Machine. Wato lokacin da kiɗan lantarki ke tsayuwa da ƙafafunsa a Turai, akwai mutum a bakin kogin Isa, zamanin mulkin Seyni Kountché, yana zuba waƙoƙin Fulani da na Abzinawa da na sauran ƙabilunmu cikin na'ura. Jarre, shekara guda bayan haka, ranar 14 ga Yuli 1979, ya tara kusan mutum miliyan ɗaya a dandalin Concorde na Paris. Namu kuwa, kaset ɗin nasa kwafi kaɗan anka buga, ba su wuce ɗari ba a ƙiyasi, sai kiɗan ya zama abin cike gurbi tsakanin shiri da shiri.

Mu yi adalci: manyan Yamai na wancan zamani sun san shi, an nuna shi a tele da fiyanonsa. Mu ne, ƴan baya, muka gaji kiɗan ba mu gaji sunan ba. Kuma ba haɗari ba ne ya jawo hakan, ɗabi'ar aikinmu ce. In mawaƙi na rera waƙa, animater yana jira ya gama baiti. In kiɗa ne zalla, sai mu ɗauka shimfiɗa ce anka yi muna, mu rage shi ƙasa mu hau kai da gaisuwa da sanarwar biki.

Shekara 35 bayan wancan kaset, a 2013, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, wanda ya ci karo da kaset ɗin cikin kayan ajiya a Yamai ya kuma nemi mai shi har ya same shi, ya sake buga shi a faifan garmaho. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani Turai, ya yi zagayen wasa gari bayan gari. Ga abin da muke so ku lura da shi: a wannan zagaye shi ne mai gayya. A harkar wasa akwai mai share fage, wanda ke hawa dandali tun mutane na neman wurin zama, akwai kuma wanda sunansa ke saman afish da manyan baƙaƙe, wanda don shi anka sayi tike. Mamman Sani, da furfurarsa, shi kaɗai da fiyano, babu mawaƙi a gabansa babu ƴan rawa a gefensa, sunansa ne a saman. Mutanen da ba su san inda Dosso take ba sun cire kuɗi daga aljihunsu sun tsaya sun saurari abin da mu muke rage wa murya don mu gaida mai sayar da taki.

Yaya anka karɓe shi can? Ba sai mun ƙirƙiro tafi ba, lissafin ƴan kasuwa ya isa shaida. A 2014 kamfanin ya fitar da faifai na biyu, Taaritt, wanda anka ɗauka tun shekarun 1980. A 2015 ya fitar da na uku, Unreleased Tapes 1981-1984, wato kaset-kaset ɗin da ke ajiye ba a taɓa bugawa ba. Babu ƙaramin kamfanin da zai buga faifai na biyu da na uku in na farko yana jibge a sito. Masu sharhin kiɗa kuma suka riƙa jera sunansa da na Kraftwerk da na Terry Riley, wani Ba'amurke da ya shahara da kiɗa mai maimaita kansa. Wannan kwatancen, mu dai, ya ɗan sosa muna rai. Bature ba ya iya jin abu sai ya nemo masa ɗan uwa a gidansu, kuma da yawa a cikinsu Sahara suke saye, da raƙumi da rawani da ke cikin kawunansu, ko da mutumin ma'aikacin ofis ne a babban birni. Wanda ya san waƙar makiyaya zai ji ta ƙarara a cikin kiɗan, ba ya bukatar a kai shi Jamus. To amma su da kuskurensu sun biya tike. Mu da muka fi su sanin asalin abin, mi muka biya?

A nan gida, in labarin irin wannan zagaye ya iso, martani iri biyu muke ji a fada da waya da ƙarƙashin rubutu, kuma duka biyun muna da faɗa da su.

Na farko su ne masu cewa: "Wannan ai ba kiɗa ba ne, na'ura ce ke yi. Danna maɓalli kawai." Waɗannan su ne mafi yawa, kuma har cikin ma'aikatan rediyo akwai su. A wurinsu makaɗi shi ne mai gurumi, mai goge, mai kalangu, mai algaita a ƙofar Sarkin Damagaram. Muna girmama waɗannan duka, kar wani ya juya muna magana. Amma mai wannan zance ya taɓa zama gaban irin wannan fiyano kuwa? Gangar da ke cikin na'urar, Turawa sun shirya ta don rawarsu, irin su valse da tango da maci. Babu kiɗan Wodaɓe a ciki, babu takamba. Mai kiɗa ne zai zaɓi bugun da ya fi kusa, ya rage gudunsa ko ya ƙara, hannun hagu yana riƙe da gindin kiɗan, na dama yana bin waƙar da asalinta muryar mutum ce mai lanƙwasa, a kan maɓallan da ba su san lanƙwasa ba. A 1978 babu kwamfutar da za ta gyara maka kuskure. Ka ɗauki zubi ɗaya a kan tef, ka dawo ka ɗora na biyu a kansa, in yatsa ya zame ka koma farko. Wanda ya ce wannan danna maɓalli ne, a ba shi fiyanon mako guda mu ji abin da zai fito.

Kuma abin dariyar, masu wannan raini su ne ba su iya aurar da ɗiya sai an kawo mai fiyano da manyan lasifikoki. Waƙoƙin fina-finan Kano da suka cika wayoyinmu, daga Birnin Ƙonni har Diffa, da mi anka yi su? Fiyano ne da kwamfuta da na'urar gyaran murya. Fati Nijar, ɗiyar Maraɗi, da wannan kiɗan ta yi suna a Kano. Waƙoƙin siyasa da ake yawo da su bisa mota lokacin kamfe, su ma haka. Kunnenmu ya fi shekara ashirin yana cikin kiɗan lantarki safe da yamma, bakinmu ne kawai ya ƙi amsawa. Mun yarda na'ura ta yi wa mawaƙi hidima. Ranar da mai na'urar ya ce shi ma a rubuta sunansa a gaba, ranar muke tuna al'ada.

Na biyu su ne masu kishin ƙasa na kwana ɗaya. Su da sun ga hoton ɗan Nijar a dandalin Turai sai su cika shafi da tuta, washegari kuma su juya su ce Turawa sun zo sun kwashe muna dukiya, sun sayi kiɗanmu da arha suna cin riba. Wannan zargi ba a banza ya taso ba. Tarihi ya nuna sau da yawa an ɗauki muryar Afirka an kai waje mai ita bai ga ko dala ba, kuma duk mai kiɗan da zai sa hannu a takarda, ya nemi wanda ya iya karatu ya karanta masa ita layi-layi. Shi kamfanin Sahel Sounds yana cewa raba riba yake yi biyu da mai kiɗa. Mu ba akawunsa ba ne, ba kuma lauyansa ba. Tambayarmu ga mai zargin ita ce: kaset ɗin nan shekara 35 yana nan Yamai, a ƙasarmu, hannunmu na iya kai wa gare shi. Wa ya hana mu buga shi? Wane ɗan kasuwa ne cikin alhazanmu na Maraɗi, masu tireloli da manyan shaguna, ya taɓa cewa bari in kama zaure in sa sunan tsohon nan a ƙofa? Kayan da ka bari a rana har wani ya zo ya kai inuwa, in za ka yi faɗa da shi, fara da gaya muna inda kake lokacin da rana ke dukansa.

Mun daɗe muna tunanin dalilin wannan hali namu, kuma muna ganin ba mugunta ba ce. Tsarin biyan makaɗi ne a ƙasar Hausa. Tun kakanni, makaɗi yana ci ne daga sunan da ya kira. Ya wasa sarki, ya wasa attajiri, ya wasa uwar amarya, a yi masa kari, a ba shi riga ko doki, yau kuma a manna masa takardar kuɗi a goshi ko a turo ta waya. Kuɗin yana biyo bayan kirari. To mai kiɗa zalla ba ya kiran sunan kowa. Fiyanon Mamman Sani bai taɓa cewa Alhaji wane ikon Allah ba. Wanda ba ya kiran suna, babu mai dalilin sa hannu a aljihu dominsa, har ya kai ga shi ma ba a kiran nasa. Hanya ɗaya da irin wannan makaɗi ke iya rayuwa da sana'arsa ita ce ta tike a ƙofa da haƙƙin mallaka in an saka kiɗansa a iska. Su biyun nan kuwa su ne muka fi ƙi. Ku faɗi gaskiya, in an ce akwai wasa a gidan al'adu, mi muke fara nema? Katin gayyata. Mai albashi, mai mota, shi ne zai kira ka ya ce "animater, ba ka da invitasiyo guda biyu?" Zai sha shayi da nama na jika uku a daren, amma jika guda ta shiga wasa ta zama zalunci.

Kada a ce labarin tsoho ɗaya ne ya wuce. Ga Hama, a Yamai, direba ne da rana, da dare yana haɗa kiɗa, da farko da ƙaramin fiyanon Yamaha, daga baya da manhajar FruityLoops a kwamfuta. Kiɗansa ya yi yawo a kat memuwar daga waya zuwa waya, galibi babu sunansa a kai. Sai da Torodi ya fito a 2015 da Houmeissa a 2019, duka a wancan kamfani na Portland, sannan sunan ya manne da kiɗan. Hanya guda ce sak da ta Mamman Sani, kaset ne kawai ya koma kat memuwar.

Ga kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Yau duniya ta san shi da jita, amma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da muryar da anka gyara da kwamfuta, salon waƙoƙin fim ɗin Hausa ɗin nan da wasu ke yi wa kallon banza. Waƙoƙin suka bi Bluetooth suka ƙetara har arewacin Mali, inda Kirkley ya tsince su a wayoyin mutane ya sa ɗaya a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011. Daga nan sai Turai, sai Amurka, sai kamfanin Matador, sai Afrique Victime a 2021, har dandalin Coachella a 2024. Tsani na farko da ya taka, kiɗan na'ura ne na sutudiyon Hausa. Mu nawa ne a lokacin muka ɗauki abin da muhimmanci?

Wani zai ce, to ai shi ke nan, tunda hanyar waje tana ɓullewa, a bar su su bi ta. A nan ne maganar ta daina zama ta tarihi. Hanyar nan tana ƙuntata. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tarar da Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna tsakiyar zagaye a Amurka, iyakoki suka rufe, sai da masoya suka yi musu karo-karo suka zauna can kafin hanya ta buɗe. A watan Satumba na shekarar, hukumomin Faransa suka aika wa gidajen wasanninsu umarnin dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso, abin da ya tada ƙura har a cikin Faransar kanta. A farkon 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe. Ba mu zo nan mu yanke hukuncin wa ke da gaskiya a wannan rikici ba, kowa na da ra'ayinsa kuma shafin nan ya sha jin su. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ke zaune yanzu a wani ɗaki a Zariya ta Maraɗi ko a Birni na Damagaram, da tsohuwar kwamfuta da lasifika ɗaya, yana jiran wuta ta dawo ya ƙarasa kiɗansa, ba zai iya dogara da cewa wata rana wani baƙo zai tsinci wayarsa ya nemo masa biza ba. Kullum muna cewa mun karɓi ƴancinmu, komai namu a hannunmu. Madalla. To wannan ma yana cikin komai ɗin. In ba mu iya shirya wa makaɗinmu zagaye a ƙasarsa ba, ƴancin bai iso wannan fanni ba tukuna.

Kuma wallahi abin ba gagara ba ne. Ku dubi hanyar ƙasa mai lamba ɗaya: Yamai, Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, kusan kilomita 900, ga reshen da ke hawa Tawa daga Tsarnawa. Bas na bin ta kullum. A Yamai akwai cibiyar Oumarou Ganda, a manyan biranen jihohi akwai gidajen matasa da al'adu, da dandali da kujerun siminti, waɗanda yawancin dararen shekara a rufe suke. Ƙungiyar kiɗa mai mutum goma tana bukatar mota guda da ɗakunan kwana da abincin mutum goma. Mai kiɗan lantarki fa? Shi da jakarsa da mai taimaka masa, kujera biyu a bas. Abin da za a nema a kowane gari shi ne sono mai kyau da janareto saboda halin wutarmu. A duk nau'in kiɗan da muke da shi babu mai arhar zagaye kamar wannan, kuma shi ne ba mu gani a afish.

Muna da gasar Dan Gourmou, wadda ke ɗauke da sunan babban makaɗin Tawa, muna da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Ba daga sifili za a fara ba. Amma gasa daban, zagaye daban. A gasa, alƙalai ne ke zaune, hukuma ta ba da kyauta, kowa ya watse. A zagaye, jama'a ne alƙalai, kuma da kuɗinsu suke yanke hukunci, gari bayan gari. A nan makaɗi ke sanin ko abin nasa na da rai, a nan yake koyon abin da ɗan Tawa ke so wanda ɗan Dosso bai damu da shi ba.

Mun san abin da za a rubuto a ƙasan wannan rubutu, don mun saba. "Ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ku kuna zancen fiyano." Mu ma a kasuwar nan muke awo, kuma akwai sassan ƙasa da ba wanda zai ce a tara jama'a da dare a yanzu. Amma biki bai tsaya ba, suna bai tsaya ba, kuma a kowanne ana biyan mai kiɗa, sai dai a biya shi a matsayin ɗan aiki marar suna. Yaran da ke wannan sana'a da ita suke sayen hatsin da ake magana. Wanda kuma ya ce shi kiɗa gaba ɗaya ba ya cikin tsarinsa saboda addininsa, mun girmama shi, ba da shi muke ba. Muna magana ne da wanda wayarsa ke cike da kiɗa, motarsa na tashi da kiɗa, amma in an zo maganar biyan mai shi sai ya tuna duniya ta lalace.

Tunda da kanmu muka fara, bari mu koma kanmu. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma tsarin a takarda a bayyane yake: gidan rediyo ya rubuta abin da ya saka, ya biya, a raba wa masu shi. To ta yaya za a raba wa mutumin da ba a rubuta sunansa ba? A kwamfutar sutudiyon da muke aiki akwai wani babban fayil da anka sa wa suna "instru", cike da kiɗa, wani an rubuta masa "piste 4", wani "jenerik safe", wani "mai sanyi". Mun gaje shi daga waɗanda suka riga mu, mun ƙara namu a ciki, ba mu taɓa tambaya ba. Ko da hukumar ta zo da buhun kuɗi ta ce ga na masu kiɗan nan, ba mu san wa za mu nuna ba. Wannan laifin ba na gwamnati ba ne, ba na Bature ba ne, namu ne mu da ke zaune gaban na'urar, kuma mun tabbata duk abokin aikin da ke karanta wannan ya san irin fayil ɗin da muke nufi, don akwai shi a tashar su.

Abokan aiki, daga Gaya har Ngigmi, faɗin suna daƙiƙa uku ne. "Kiɗan da kuke ji na wane ne." Muna iya karanto sunan mutum ashirin da suka aiko gaisuwa, har da unguwarsu da sunan matansu, ba mu gaji ba. Sunan da mai saurare ya ji sau goma a iska, ranar da ya gan shi a afish zai tsaya ya karanta. Sunan da bai taɓa ji ba, ko an rubuta shi da zinariya wucewa zai yi. Shi ya sa muke cewa zaurukan Turai da Mamman Sani ya shiga, mu ne muka tura shi can da shirunmu, tun kafin wani ya aiko masa da tikitin jirgi.

Mu dai mun fara. Tun ranar Juma'a muke bin fayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya muna neman masu shi, kuma aikin ya fi yadda muka zata wuya, don wasu babu wanda ya san daga ina suka fito. A shirin Alhamis mai zuwa za mu saka Salamatu da Lamru daga kaset ɗin 1978, daga farko har ƙarshe, mikro a kashe. Bayan su za mu saka na matasa uku masu haɗa kiɗa a kwamfuta, kowanne da sunansa da garinsa. Duk yaron da ke da irin wannan aiki, ya turo muna ta akwatin saƙon shafin nan, amma ya rubuta sunansa a kan fayil ɗin, kada ya turo muna "piste 1". Masu kula da gidajen al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa kuma, muna so ku gaya muna a fili nawa ne kuɗin kama dandali dare guda, da sono da janareto, mu karanta wa jama'a a iska, mu ga ko cikin masu tura tuta a ƙarƙashin hoto akwai wanda zai fara ajiye jika biyar.